Dokto Epifanio Ya Nemi Hujja

Wannan labari ban ƙara masa gishiri ba, don mai shi ya riga ya zuba wanda ya isa.

A Valledupar zama dokto ba ya wuya. Farar riga mai aljihu huɗu, biro uku a aljihun sama, da iya cewa "bisa tanadin doka" ba tare da ƙifta ido ba, shi ke nan an gama karatu. Epifanio Mindiola ya cika waɗannan sharuɗɗa har da ƙari, domin shekara ashirin da suka wuce ya yi wata goma sha ɗaya yana masinja a ofishin da ake buga wa takardu hatimi. Tun daga nan bai sake wani aiki ba, kada ya gurɓata ilimin.

Abin da ake ci a gidan kuwa daga hannun matarsa Edelmira yake fitowa. Da safe ta soya wainar masara mai ƙwai, da rana ta sayar da ƙanƙarar tsamiya da ta gwaiba a leda. Firjinta na gado ne, leda arba'in yake daskarwa, shi ma sai an lallashe shi. Ga bikin akodiyon, abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, yana tafe ƙarshen Afrilu, lokacin da gari ke cika da baƙi masu ƙishirwa da kuɗi. Edelmira ta daɗe da sanin cewa in ta sami babbar firiza kafin bikin, kwana huɗun bikin kaɗai za su biya ta. Saura sati shida ta ɗauki mijinta suka tafi ƙungiyar 'yan kasuwa neman rance, shi ne zai tsaya mata.

Ma'aikaciyar ƙungiyar, wata mai suna Yadira, ta danna kwamfuta, ta dubi allo, ta dubi Epifanio, ta sake duban allo.

"Doña Edelmira, ke dai sunanki fes. Matsalar mai tsaya miki ce. Don Epifanio yana cikin baƙin littafi."

"Dokto Epifanio," ya gyara mata. "Wane littafi?"

"Na masu bashi, wanda ake ajiyewa a Bogotá, babban birni. Wani kantin kayan kiɗa ne ya kai sunanka. Akodiyon, peso miliyan huɗu da dubu ɗari biyu, shekara uku ba a biya ko sisi ba."

"Akodiyon? Ni? Ni da ko tafi ban iya yi daidai da kiɗa ba?"

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Edelmira.

Yadira ta ce hanya biyu ce, kuma duk ba su da nisa. Ko ya je kantin su daidaita ya riƙa biya kaɗan-kaɗan, ko Edelmira ta kawo wani ya tsaya mata. Da yamma ƙanwar Edelmira, Tomasa, wadda ke aiki a kantin magani tana ɗaukar albashi, ta ce gobe-goben nan za ta je ta sa hannu.

Epifanio ya ajiye kofin gahawarsa. "Gidan da akwai namiji ba a aron mai tsayawa."

"To a ina za mu samo namijin, mijin Yaya?"

"Yi dariyarki, Tomasa. Wani ɓarawo ne ya saci sunana, kuma na san maganinsu. Doka ta ce in ka rubuta takardar koke ka tambayi masu baƙin littafin yadda suka tabbatar da bashin, kwana goma sha biyar gare su. In ba su kawo hujja ba, su goge sunanka, su ba ka haƙuri, wataƙila har da diyya. Ke kuma Mira, matata, ki fara share inda za a ajiye firiza. Ki share wurin biyu ma."

Edelmira ta dube shi irin duban da take yi wa man suya in ya fara hayaƙi. "Sati shida, Epifanio."

"Biyu sun ishe ni."

Gaskiyar magana, Epifanio bai tuna ya taɓa sayen akodiyon ba. Ƙwaƙwalwarsa mai ladabi ce, ba ta kawo masa abin da zai ɓata masa rai.

Washegari ya fito da tsohuwar tafireta gindin mangwaron ƙofar gida, inda kowa zai gani. Kwana huɗu yana bugawa. Takardar ta kai shafi tara, biyu daga ciki tarihin rayuwarsa ne. Duk jimlar da ta yi masa daɗi sai ya miƙe ya karanta wa masu wucewa: "Ina buƙatar a bayyana mini, dalla-dalla, wa kuka tambaya, yaushe, da wane baki, kuma wa ya ba shi izinin amsawa!"

Wilfrido mai kanti, amininsa wanda ya riƙe masa ɗa ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna Kompa, ya jingina da mangwaro yana sauraro. Can ya yi gyaran murya.

"Kompa, wannan takarda, tana ɗaukar mutum biyu?"

"Kai ma kana ciki?"

"Kuɗin wani babur ne, tun ina Barranquilla. Shekara shida ke nan. Sun manta da ni, amma sunan yana nan."

Aristides wanzami, da ya fito da almakashi a hannu, ya ce shi ma akwai wata talabijin da ba ya son a yi dogon bayani a kanta.

Epifanio ya ji kansa ya ƙara tsawo. Ya buga wa kowannensu tasa takardar, ladansa kwalbar giya biyu-biyu. A kan kowace ya rubuta cikakken suna, lambar katin ɗan ƙasa, lambar waya, da adireshin yanzu, har da cewa kantin Wilfrido shi ne mai shuɗiyar ƙofa daura da famfo.

"Kompa, dole ne sai an sa adireshin?"

"Don su san ba da 'yan gudun hijira suke magana ba."

Su kuwa mutanen Bogotá suna da wata ɗabi'a da ba a koyar wa masinjoji: in koke ya zo musu, sai su tura shi ga mai bin bashin, yadda yake, su ce ya yi bayani. A rana ta tara wani mutum mai hular kwano ya tsayar da babur a gaban shuɗiyar ƙofa daura da famfo. Ya cire hula, ya gaishe da kowa, ya sayi lemo ya biya.

"Don Wilfrido? Kai, sannu da ƙoƙari. Shekara shida muna nemanka, har an ce mana ka tafi Venezuela. Shugabanmu ya ce in yi maka godiya ta musamman saboda kwatancen, ko tambaya ban yi ba."

Shi kuwa Aristides waya aka fara yi masa, sau uku a rana, wata mai zaƙin murya tana tambayar yaushe zai cika alkawari. Rana ta biyu matarsa ce ta ɗauka. Kafin a fahimtar da ita cewa alkawarin talabijin ne, kayansa sun riga sun iso titi ta taga, kuma da ta fahimta ba ta ga dalilin mayar da su ba, don ita an gaya mata talabijin ɗin kyautar gasa ce.

Su biyun suka iske Epifanio gindin mangwaro.

"Allura ta tono garma, Kompa," in ji Wilfrido. "Bashina yana barcinsa, ka je ka zuba masa ruwan sanyi."

"A kujerar aski na kwana," in ji Aristides. "Wuyana ba ya juyawa. Yau na aske wa mutum gefe ɗaya sau biyu."

"Alamar tsoro ce," in ji Epifanio, yana kaɗa biro. "Sun ji zafi, shi ya sa suke harbin iska. Ku ba ni kwana shida."

Rana ta goma sha biyar ta zo, ta wuce azahar, ba wasiƙa. Epifanio ya sa farar riga, ya tsaya tsakiyar titi ya shelanta cewa bisa tanadin doka shiru amsa ce, Bogotá ta faɗi. Edelmira ta tafi sayo leda a kasuwa, saboda haka babu wanda zai yi shawara da shi sai kansa. Ya kama kaji uku a bayan gida, ya sa aka ɗora tukunyar farfesun sankocho a ƙofar gida, rogo da ayaba da masara, unguwa ta taru da kwanuka. Wilfrido da Aristides ma suka zo, don fushi daban, romo daban.

Ana cikin rabo Edelmira da Tomasa suka sauko daga bas. Edelmira ta dubi tukunya, ta dubi gashin da ke ƙasa.

"Waɗanne kaji ne waɗannan?"

"Na nasara, Mira."

"Masu yi mini ƙwan waina ne."

Tomasa ta shiga gida ta ciro kalandar kantin magani daga bango, ta ari biro ɗaya daga aljihunsa ba tare da ta tambaya ba.

"Mijin Yaya, kwana goma sha biyar ɗin nan, na Allah ne ko na gwamnati?"

"Kwana kwana ne."

"Kwanan aiki doka ta ce. Har a bangon ƙungiya an rubuta." Ta fara sokewa. "Asabar, babu. Lahadi, babu. Litinin ɗin Waliyyi Yusufu, hutu. Alhamis da Jumma'ar Ista, hutu. Wannan ƙasa ce da in waliyyi ya faɗo ranar Laraba ake ɗauko shi a kai shi Litinin don a haɗa da Lahadi. Kai da ka yi aikin ofis ba ka sani ba?"

"Shi duk ranakunsa Litinin ɗin waliyyi ne," in ji Aristides, bakinsa cike da rogo. "Ina zai bambance?"

Epifanio ya ce ya sani sarai, wannan walima ta share fage ce. Aka cinye share fagen tas.

Da kwanakin gwamnati suka cika, wata 'yar wasiƙa ta zo mai layi uku, tana cewa saboda yawan tambayoyin mai koke, an ƙara kwana takwas kamar yadda doka ta yarda. Edelmira ta ce Tomasa ta je ta sa hannu kawai. Epifanio ya dafa ƙirji ya rantse da kabarin mahaifiyarsa cewa in aka yi haka a daidai lokacin da maƙiyi ke durƙushe, zai bar gidan. Edelmira ta yi nazari, nazarin ya ɗan yi tsawo fiye da yadda ya so, amma ta haƙura. Auren shekara ashirin da shida ba na kwana ashirin da shida ba ne.

Amsar ta iso ranar Litinin, saura kwana uku biki. Ambulan ce babba, mai kauri, da wani abu mai tauri a ciki. Epifanio ya auna ta a tafin hannu ya yi murmushi.

"Ban haƙuri ba ya yin nauyi haka sai da diyya."

"Buɗe ta a ɗaki, Epifanio," in ji Edelmira.

"A gaban jama'a aka ɓata ni, a gaban jama'a za a wanke ni."

Da la'asar aka jera kujerun roba gindin mangwaro. Wilfrido ya fito da lasifikar kantinsa, wadda in aka kunna ta ake ji har tashar mota, ya ba shi makirfo. Epifanio ya yage ambulan, ya gyara tabarau, ya fara karantawa da muryar coci.

"Mai girma. Dangane da buƙatarka ta sanin yadda aka tabbatar da wannan bashi, muna farin cikin sanar da kai..." Ya ɗago. "Kun ji? Farin ciki. Sun fara lallashi." Ya ci gaba. "...cewa an tabbatar da shi ta hanya uku. Ta farko, sa hannunka a takardar lamuni, a matsayin mai tsaya wa mai saye."

Takardar ta zagaya hannu-hannu. Sa hannun ya cinye layinsa, ya haura na shaida, ya ƙare da wutsiya mai lanƙwasa uku.

"Jabu ne," in ji Epifanio. "Wutsiyata lanƙwasa huɗu ce."

"Takardar ce ta ƙare," in ji Tomasa.

"Ta biyu, dangwalen yatsanka." Aristides ya cafko masa yatsa ya kara da hoton, yana duba da idon mai neman kwarkwata. Epifanio ya fizge. "Yatsa yatsa ne, kowa yana da goma. Ta uku... kiran waya da kantin ya yi maka a ranar, wanda aka naɗa, ga shi a faifai." Fuskarsa ta washe. "Alhamdu! Sun kashe kansu. Kompa, saka faifan nan. Jama'a, ku kasa kunne, yanzu za ku ji muryar ɓarawon da ya saci sunana. Duk wanda ya gane shi, ya faɗa, kada ya ji tsoro."

Wilfrido ya saka, ya ƙure murya.

Da farko hayaniya ce, ganga da kwalabe da shewa. Sai muryar mace, a natse: "Barka da rana. Ina magana da Señor Epifanio Mindiola?"

"Dokto Epifanio."

Wata tsohuwa a kujerar baya ta ce, "Na gane shi."

"Muna naɗar wannan kira, ka yarda?" in ji matar cikin faifan.

"Naɗa, 'yata, ki naɗa da kyau, jikokina su ji."

"Ka san wani Yeiner Baute?"

"Yeiner? Ɗana ne, haihuwarsa ce kawai ban yi ba. Ga shi nan kusa da ni da aron akodiyon, abin kunya ga garin nan."

Tomasa ta tafa hannu. "Yeiner! Mawaƙin nan na bikin baftisma a La Paz, wanda ya gudu Panama da matar mai ganga!"

Faifan ya ci gaba: "Ka fahimci cewa in bai biya ba, kai za ka biya?"

"In bai biya ba ni zan biya, in ya biya ma zan ƙara. Wanne kuka ba shi? Ƙarami? Ku canza masa babba."

Epifanio ya yi tsalle wajen wayar lasifika zai cire. Wilfrido, wanda yanzu ke biyan kuɗin babur duk ranar Jumma'a, ya tare shi da tumbi. "Zauna, Kompa. Ba mu gama gane ɓarawon ba."

"Mene ne sana'arka, Dokto?" in ji matar cikin faifan.

"Masana'antar abinci gare ni."

"Ma'aikata nawa?"

"Ɗaya. Amma tana aikin biyar. Ba albashi, ba hutu, shekara ashirin da uku ba ta taɓa yajin aiki ba. Irin wannan inji ba a ƙera shi yanzu."

Aka ji maza suna dariya a cikin faifan. A gindin mangwaro ba wanda ya yi. Sai akodiyon ya ja dogon numfashi, wata murya ta tsaga kiɗan: "Gaisuwa ga Dokto Epifanio Mindiola, inuwar talaka, bankin da ba ya rufewa!"

"Kin ji? Kin ji abin da ya ce? Rubuta wannan ma a takardar!"

Faifan ya ƙare. A garinmu mutum yakan ba da saniya don mawaƙi ya kira sunansa tsakiyar waƙa, kuma ba wanda zai ce ya yi asara. Amma dai saniyar tasa ce yake bayarwa.

Epifanio ya dubi kujeru. Ya ɗaga makirfo, ya ce, "Bisa tanadin doka..." Ya tsaya, don dokar ba ta zo ba.

Edelmira tana zaune, hannuwanta a kan cinya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Kompa Wilfrido, maimaita mini wurin ma'aikatan nan."

Ya maimaita. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta miƙe ta karɓi faifan, ta sa a aljihun rigar girkinta.

"Tomasa, gobe ƙarfe bakwai."

"Mira, na rantse in aka yi haka zan bar..."

"Bas ɗin La Paz ƙarfe shida yake tashi."

Bai bar gidan ba. Tomasa ta sa hannu da safe, Yadira ta buga hatimi, ta ce kuɗi za su fito nan da kwana goma, na aiki. Firiza ta iso bayan baƙi sun watse, an share titi.

Amma Edelmira ba ta bar bikin ya wuce ta ba. Ta ari kula shida a unguwa, ta koma sayar da ruwan tsamiya da na gwaiba mai sanyi a kofi, abin da ba ya buƙatar firiza sai ƙanƙara, mai yawa, daga kamfanin ƙanƙara da ke bayan tashar mota. Masana'antar ta ɗauki ma'aikaci na biyu. An yanka masa albashi, don ita ba azzaluma ba ce, sai dai albashin ba ya bi ta aljihunsa, kai tsaye yake wucewa kantin kayan kiɗa, wata goma sha takwas.

Ranar Asabar ɗin biki, da tsakar rana, Epifanio yana turo baro na huɗu ta cikin dandali, farar rigar ta manne a baya, ƙanƙara tana ɗiga ta ƙasa. Yana tafe yana bayyana wa wani baƙo cewa da gangan ya tilasta wa Bogotá ta fito da hujjarta, dabara ce da ba kowane lauya ya sani ba. A gefen rumfar Edelmira wasu makaɗa sun kafa da'ira. Mawaƙin ya hango biro uku a aljihu, ya sassauta kiɗa, ya miƙo hannu.

"Dokto! Ga babban mutum yana taimakon talakawa da hannunsa! Faɗa mini sunanka in gaishe ka, duniya ta ji!"

Epifanio ya ajiye baro. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya cika ƙirji da iska.

"Ba shi da suna, ɗana," in ji Edelmira daga bayan kula, tana miƙa wa wani canji. "Yana jingine a Bogotá. Epifanio, ƙanƙara tana narkewa."